Kontar mai wayo: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi

A ƙasashen Turai, Amurka da Sin akwai wata sana'a da kasuwarta ke ci a ƴan shekarun nan: ƙera na'urar awon ruwa ta zamani, wadda masu tallarta ke yi wa kirari da "mai wayo". Kamfanonin da ke ƙera ta suna faɗaɗa tsofaffin masana'antunsu, suna gina sababbi, suna ɗaukar ma'aikata. Gwamnoni da magadan gari na can suna yanka ƙyalle, suna shelar yawan ayyukan da aka samar wa ƴaƴansu. Babu mai ganin laifinsu, don kowa ya gyara gidansa ya yi daidai. Amma wa ke biyan albashin waɗannan ma'aikata? Mai saye ne ke biya. Duk ƙasar da ta ci bashi ta sayo wannan na'ura a cikin kwali, ba tare da ta gindaya sharaɗi ko ɗaya ba, ta ɗauki nauyin ciyar da iyalan wasu, alhali nata ƴaƴan suna zaman kashe wando a fada. Nijar ta sa ƙafa cikin wannan kasuwa tun 2016. Talakan da ke biyan faktir ɗin ruwa ya cancanci a zauna a yi masa lissafin riba da hasara kafin a sake sa hannu a kan wata takarda da sunansa.

Mene ne wannan kontar?

Kowa ya san tsohon kontar na tagulla da ke bakin ƙofar gida. Ruwa ya ratsa shi, ya juya wata ƴar farfela da ke ciki, lambobi su motsa. Ƙarshen wata ma'aikacin kamfanin ruwa ya zo ya duƙa, ya share ƙura, ya karanta, faktir ya biyo baya. Sabon kontar ba ya jiran kowa ya zo ya duba shi. Da yawa daga cikin irinsa ba su da ko abu ɗaya mai juyawa a ciki. Wasu ƴan na'urori biyu ne ke aika wa juna wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, ɗaya ya bi hanyar da ruwa ke gudu, ɗaya ya tare ta. Wanda ya bi ruwa shi ke riga isa, kuma daga wannan ɗan bambancin lokaci ne na'urar ke gane yawan ruwan da ya wuce. Sai ta aika da lissafin ta iska, kamar saƙon salula, zuwa kwamfutar kamfani. Batir ɗin da ke cikinta, in ji masu ƙerawa, yana kai shekara 10 zuwa 16. Akwai kuma nau'in da ake kira biya-kafin-sha: an sa masa makulli a ciki, mai gida ya zuba kuɗi ta wayarsa, ruwa ya zo, kuɗi suka ƙare, makulli ya rufe da kansa.

Gaskiya ɗaya ce, ko a bakin maƙiyi. Na'urar tana da amfani. A unguwar da ake ɗauke ruwa kullum, iska ke cika tiyo, kuma idan ruwa ya dawo, iskar da ya turo takan juya tsohon kontar, magidanci ya biya kuɗin iska. Kontar mai awo da sauti ba ya ƙirga iska. Yana kawo ƙarshen faktir na kintace, wanda ake rubuta wa mutum ba tare da an leƙa gidansa ba. Yana tona asirin tiyon da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Mai samun na cefane kullum-kullum kuma yana iya biyan ruwansa kaɗan-kaɗan, maimakon bashin wata biyu ya faɗo masa a ka rana ɗaya. Don haka rigimar ba da ƙarfe da roba take ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Rigimar tana tare da masu sa hannu a kwangila.

Inda masana'antun suke, da abin da ke kai su can

A duba taswira. Kamfanin Kamstrup, wanda aka kafa a 1946 a ƙasar Danmak, yana ƙera nasa a garin Stilling. Diehl na Jamus yana da masana'anta a Ansbach, da wata a Saint-Louis cikin Faransa. Itron yana da tasa a Mâcon, ita ma a Faransa. Badger Meter yana Milwaukee ta Amurka tun 1905. A ƙasar Sin, birnin Ningbo ya yi suna wajen ƙera kontar ɗin ruwa da ake lodawa a jiragen ruwa zuwa nahiyoyin duniya. Wanda ke son ya san irin dukiyar da ke cikin wannan sana'a, ya tuna cewa a 2016 kamfanin Xylem ya sayi kamfanin Sensus, mai ƙera irin waɗannan na'urori, a kan dalar Amurka miliyar 1,7.

Darasin da ya fi kowane girma yana Amurka. Kamstrup ya fara haɗa kontar a jihar Jojiya a 2018, bayan ƴan shekaru kuma ya koma wata sabuwar masana'anta mafi girma a garin Cumming na wannan jiha. Me ya fitar da Baturen Danmak daga gidansa ya tsallake teku ya je ya ɗauki ƴaƴan wasu aiki? Ba tausayi ba ne. Kasuwa ce babba, kuma mai kasuwar ya san darajar kuɗinsa. A watan Nuwamba na 2021 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan babbar dokar gine-ginen ƙasa, wadda ta ware kimanin dalar Amurka miliyar 55 don ayyukan ruwa. A cikin dokar aka dasa sharaɗi: kayan masana'anta da za a saya da kuɗin gwamnatin tarayya, dole a ƙera su a cikin Amurka, kuma fiye da kashi 55 bisa 100 na kuɗin sassan da aka haɗa su ya kasance na gida. Wanda ke son cin wannan kasuwa sai ya kawo injinansa.

Wannan ita ce ƙasar da ta fi kowa wa'azin buɗe kasuwa. A Washington ne hedkwatar Bankin Duniya da FMI suke, su da suka ɗora wa Nijar tsarin tsuke bakin aljihu tun daga shekarun 1980, suka ce gwamnati ta cire hannunta daga kasuwanci, ta sayar da kamfanoninta, ta daina kare masana'antun gida. Liman ya hana mamu cin abin da shi ke ci a ɗaka! Ko maƙwabciya Najeriya ta gane wannan karatu: da ta ƙaddamar da shirin raba kontar ɗin lantarki a 2020, da bashin babban bankinta, ta ba masu haɗa na'urar a cikin gida fifiko. Masana'anta tana bin sharaɗin mai saye, kamar yadda akuya ke bin mai dusa.

Yamai, filin gwaji

A 2001, bisa matsin masu ba da bashi, aka rusa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, aka raba aikinsa gida biyu. SPEN, na gwamnati, ya riƙe kadarori da nauyin cin bashi don gina sababbi. SEEN ya riƙe sarrafa ruwa, rarraba shi da amsar kuɗi, kuma kashi 51 bisa 100 na jarinsa yana hannun kamfanin Faransa da aka sani a lokacin da Vivendi, daga baya Veolia. Ƴan kasuwar Nijar suna da kashi 34, ma'aikata kashi 10, gwamnati kashi 5. A ƙarƙashin wannan tsari ne, a 2016, wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna CityTaps ya fara gwada kontar ɗin biya-kafin-sha a wasu gidajen Yamai, tare da SEEN da kamfanin waya na Orange, wanda ta hanyarsa ake zuba kuɗin. Sunan Yamai ya shiga tarurrukan masana a ƙasashen waje a matsayin shaidar cewa dabarar tana aiki a gidan talakan Afirka.

Madalla. To, me Yamai ta samu? Gidajenta ne aka yi gwaji a cikinsu, zafinta da ƙurarta ne suka nuna wa injiniyoyi inda na'urarsu ke da rauni, matanta ne suka koyi zuba kuɗin ruwa ta salula. Ilimin da aka tara, da haƙƙin mallakar fasahar, da sunan da aka yi, duk sun hau jirgi. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Yanzu wannan babi ya rufe. An ƙi sabunta kwangilar Veolia, kuma a farkon 2024 kamfanin gwamnati, NDE, ya gaji SEEN. An yi murna, an ce ruwan Nijar ya dawo hannun ƴan Nijar. To, daga ranar nan babu sauran Bature da za a laɓe a bayansa. Duk odar kontar da za a bayar, ɗan ƙasa ne zai rubuta ta, ɗan ƙasa ne zai sa hannu. Idan mulkin kai ya tsaya a canza allon suna a ƙofar ofis, alhali kowane ƙusa da kowace roba daga waje suke zuwa, to an sayar da biri ne an sayi kare mai tsugune irin nasa.

Littafin aiki yana da shafi biyu

Masu tallar na'urar suna buɗe shafi ɗaya kawai, na ayyukan da aka samar. Shafi na biyu suna rufe shi da tafin hannu. Babban abin da ake yi wa kamfanonin ruwa romon baka da shi shi ne rage kuɗin ma'aikata. Kontar da ke aika lissafinsa da kansa ya sallami mai zagayawa gida-gida yana karanta lambobi. Faktir da ke zuwa ta waya ya sallami mai raba takardu. Kuɗin da ake zubawa ta salula sun rage masu zama a bakin taga suna amsa. Makulli mai rufe kansa ya sallami mai zuwa da sifana ya yanke ruwa, da mai dawowa ya mayar. Waɗannan ba manyan ma'aikata ba ne, amma a ƙasar da albashi ɗaya ke ciyar da baki goma ko fiye, kowane ɗayansu rumbu ne. Aikin da aka haifa a Stilling, Ansbach ko Ningbo, a Maraɗi da Tawa ake binne takwaransa.

Akwai kuma aikin gyara. Tsohon kontar na tagulla ana kwance shi, a wanke yashin da ya toshe shi, a canza abin da ya lalace, a gwada shi, a mayar. Sabon, a yawancin irinsa, an like shi ruf don kada ruwa ko ƙura su shiga, batir ɗinsa a ciki yake kamar ɗan tayi. Ranar da batir ya mutu, na'urar ta mutu, sai a sake yin oda. Kuma duk mai wayar salula a Nijar ya san abin da zafin watan Afrilu ke yi wa batir. Alkawarin shekara 16 da aka yi a ƙasar da ƙanƙara ke sauka, wa ya gwada shi a jikin bangon da rana ke duka a Tawa ko Agadas? Ƙasar da ta maye gurbin dukan kontar ɗinta da irin wannan ta ɗaura wa kanta igiyar saye har abada, da kuɗin waje, daga hannun mai ƙera guda, domin kwamfutar wannan kamfani ba lalle ta ji yaren na'urar wancan ba.

Wanda ya ɗauka wannan tsoro ne na banza, ya tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Benin, kayan Nijar suka maƙale a tashar Kwatano, Najeriya ta yanke lantarkin da ƙasar ta dogara da shi. Har magani ya yi wuya. A irin wannan rana, garin da ruwansa ke rataye da batir da makullin da ba a iya ƙerawa ko gyarawa a gida, ina zai sa kansa?

A yi hattara da masana'antar sukurdireba

Nan kuma sai a ja kunnen ɗaya ɓangaren. Ba za a rasa wani mai babbar riga ba da zai taso gobe ya ce zai gina wa Nijar masana'antar kontar mai ɗaukar dubban matasa, a ba shi fili, a yafe masa duwan da lampo na shekara goma. A tambaye shi da kyau. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro na'urar, injina masu sarrafa kansu ne ke yin mafi yawan aikin. Mutane kaɗan ne ke tsaye a kansu, kuma masu ilimi mai zurfi. Ƙananan sassan lantarki da ke cikinta kuwa, mafi yawansu daga Asiya suke fitowa, har ga Turawan kansu. Wanda ya yi alkawarin dubban ayyuka daga rumfa ɗaya, ko bai san sana'ar ba, ko ya san abin da yake nema. An sha ganin irin wannan a Afirka: a shigo da kaya gamamme, a kwance ƙusa huɗu a tashar jirgi, a sake ɗaura su a wata rumfa a bayan gari, a manna takarda mai tutar ƙasa, a ci yafiyar haraji. Baitulmali ya yi hasara, talaka ya sayi kayan da tsada, samari goma sha biyu su samu aikin liƙa kwali.

Nijar kuwa tana da maƙabartar masana'antu da ya kamata ta riƙa ziyarta. Ina SONARA, uwar gyaɗa? Ina matatun man gyaɗa na Matamaye da Magarya, da ƙarfin da SICONIGER ta Maraɗi ke da shi a zamaninta? Ina majemar SONITAN? Ina atamfar SONITEXTIL? Abin da ya kashe su sananne ne: fari da cutar da suka karya noman gyaɗa a shekarun 1970, tsadar lantarki, nisan teku, ƙanƙantar kasuwa, kayan fasa-ƙwauri da ke kwararowa ta kan iyaka, da shugabannin da aka naɗa don dangantaka. Ko ɗaya daga cikin cututtukan nan ba ya jin kunyar sabon fenti. Masana'antar da aka gina don a yanka ƙyalle a nuna a talabijin, kabarinta yana nan an riga an haƙa.

Abin da hannu zai iya kaiwa

Tsakanin sayen komai a kwali da mafarkin ƙera komai a gida akwai hanya, kuma ba ta buƙatar mu'ujiza. Kontar ba shi kaɗai ake dasawa ba. Yana da akwatin da ke kare shi, da murfi, da mahaɗan tagulla, da makullin hannu, da tiyon da ke kai ruwa gare shi. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda maƙera ke narka tsohon ƙarfe su fitar da tukunya da kayan gyaran mota, ya san hannu ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne oda tabbatacciya, da ma'auni bayyananne da za a ce su bi.

Sai ɗakin gwaji. Kowane kontar, tsoho ko sabo, ma'auni ne kamar tiya da sikeli, kuma ma'aunin da mai sayarwa ne kaɗai ke shaidar gaskiyarsa abin tuhuma ne. Ƙasar tana da hukumar awo da ingancin kaya, ANMC. A ba ta injinan gwaji da ƙwararru, a Yamai da Damagaram da Maraɗi, yadda magidancin da ke zargin kontar ɗinsa zai kai ƙara wurin da ba na mai amsar kuɗinsa ba. Sai haɗawa ta gaskiya, wadda ake ƙara kason gida a cikinta shekara bayan shekara, a rubuce cikin kwangila, da tara ga wanda ya saɓa. Sai zaɓen nau'in da ake iya canza wa batir. Sai dasawa, da kula da turakun da ke ɗaukar saƙon na'urorin, da rubuta tsarin kwamfutar da ke riƙe lissafin, da ajiye wannan lissafi a cikin ƙasa. A nan ne yawan aikin yake, kuma aiki ne da ba a iya lodawa a jirgi. Makarantar EMIG ta Yamai, makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna yaye matasa kowace shekara. Da yawansu suna kan kabu-kabu, ko sun tafi ci-rani Libiya da Aljeriya da takardar shaida a cikin leda.

Za a ce kasuwar Nijar ta yi ƙanƙanta, kuma gaskiya ne. To, ina amfanin ƙawancen AES da aka ƙulla a watan Satumba na 2023, aka mayar da shi tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024? NDE, da ONEA ta Burkina Faso, da SOMAGEP ta Mali, duk kontar suke saye. Idan suka haɗa odarsu wuri ɗaya, da ma'auni ɗaya, za su iya cewa mai ƙerawa abin da Amurka ta ce: kawo injinanka, koya wa yaranmu, in ba haka ba ga ƙofa. Ƙawance da ya tsaya a jawabi da tuta bai taɓa ba kowa aiki ba.

Makullin da ba shi da fuska

Ko da an ƙera kontar ɗin daga farko har ƙarshe a Maraɗi, akwai magana ɗaya da ba za ta mutu ba, ita ce ta makulli. A da, mai zuwa yanke ruwa mutum ne. Yana iya ganin mai jego a tsakar gida, ko gawa a zaure, ya ce a kawo kuɗin jibi. Mai unguwa yana iya sa baki. Makullin biya-kafin-sha ba ya sallama, ba ya jin roƙo, ba ya sanin azumi. Ƙarfe biyun dare kuɗi suka ƙare, ya rufe. Kuma a littafin kamfani ba za a rubuta cewa an yanke wa kowa ruwa ba. Za a ce mai gida ne bai zuba kuɗi ba. Rijiya ta ba da, guga ya hana.

Ƙasashen da ke ƙera na'urorin nan sun san haka sarai. A Ingila, wata babbar kotu ta haramta irin wannan makulli a 1998, kuma dokar 1999 ta hana yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi. A Faransa, dokar da aka sani da sunan Brottes ta hana yanke ruwa a gidan zama tun 2013, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da ita a 2015. A lura da shekarun: shekara ɗaya bayan wannan hukunci aka fara gwada makulli mai rufe kansa a gidajen Yamai. Abin da doka ta hana a yi wa Bafaranshe, shi aka kira ci-gaba a bakin kogin Isa. A Afirka ta Kudu, mazauna unguwar Phiri ta Soweto sun kai ƙara, babbar kotu ta ba su gaskiya a 2008, kotun tsarin mulki ta warware hukuncin a 2009. Amma ko a can, sai da aka ba kowane gida lita 6000 kyauta a wata kafin makulli ya fara aiki.

Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ambaci ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ayarsa ta 12. A wannan shekara ta 2010 ne babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa haƙƙin ɗan Adam ne. Malamai kuma tun kafin wannan suna karantar da cewa ruwa yana cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Wanda ya manta da duk waɗannan, ya tuna watan Maris na 2005, bayan an ɗora harajin TVA na kashi 19 bisa 100 a kan ruwa, lantarki da wasu kayan abinci. Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka rufe kasuwanni, aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula, a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya. Talakan Nijar mai haƙuri ne, amma ba a kan randarsa ba.

A fara kawo ruwan

Bayan duk wannan, akwai abin da ya fi ban haushi. Kontar, komai wayonsa, ba ya ƙara ɗigo ɗaya a cikin tiyo. Damagaram tana zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa. Ƙishirwarta na cikin dalilan da aka bayar na ɗauke babban birni daga can zuwa Yamai a 1926. An jawo mata ruwa daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, amma duk bazara mata da yara suna kwana a bakin famfo da jerin bido. Yamai tana shan kogin Isa ta tashoshin Gudel da Yantala, kogin da ya daina gudu a gaban birnin a 1985. Madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 don ta tsare shi, har 2024 ta wuce ba a kammala ta ba.

A yi wannan lissafi mai sauƙi. Shekaru da dama, mai famfo a gida yana biyan sefa 127 a kan kowace lita 1000 cikin lita 10.000 na farko a wata. Wanda ba shi da famfo, idan ɗan garuwa ya sayar masa da bido mai lita 25 a kan dala biyar, watau sefa 25, ya sayi lita 1000 a kan jika guda. Kusan ninki takwas ke nan, kuma a ranar da ruwa ke akwai. Mafi talauci shi ke shan ruwa mafi tsada. Kontar mai wayo ya ninka na tagulla kuɗi. Duk miliyan da aka kashe wajen cire kontar mai aiki a unguwar masu hali don a sa na zamani, an hana wata unguwar bayan gari tiyo ne.

Saboda haka ga abin da ya wajaba a kan masu riƙe da ragamar ruwa. Kada a ba da babbar oda sai an buga kwangilarta kowa ya karanta: farashin kowace na'ura, wanda ya ba da bashin, yawan ayyukan da za a samar a gida da yawan waɗanda za a kashe. A rubuta kason gida da koyar da sana'a a ciki. Ma'aikacin da na'ura ta ture, a horar da shi dasa ta da gyaran ta kafin a ce masa ya tafi. A kafa doka cewa makulli ba zai rufe ruf a gidan zama ba, sai dai ya rage gudu, ya bar abin sha da girki da alwala. Kuma kuɗin farko su tafi ga rijiyoyi, shato da tiyo, kafin na'ura.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kwantenoni suka iso, mai sayarwa ya riga ya ƙirga kuɗinsa, babu sauran sharaɗin da za a gindaya masa. Gwamnan wata jiha a can zai sake yanka ƙyalle ya gode wa abokan ciniki na ƙetare, matar Garin Malam kuwa tana nan a bakin famfo da bidonta tun kafin kiran assalatu. Allah ya sa masu sa hannu su karanta takardar kafin su ɗauki biro.